Ruwan Ɗorawa Ko Ruwan Zuma: Wane Fenti Ya Fi Dacewa Da Ɗakinki?

A ƙasar Arewa, da zarar an kai gero rumbu, an sayar da wake da gyaɗa, kuɗi sun ɗan zauna a hannu, sai hankali ya koma kan gyaran gida. Lokacin ne ake sa ranar aure, lokacin ne ake yaɓe, ake shafe, ake neman mai fenti. Duk wanda ke bin babbar hanyar da ta taso daga Dogon Dutsi ta ratsa Ɗan Kassari zuwa Birnin Ƙonni zai lura cewa ginin siminti da rufin kwano na ƙara yawa a garuruwan bakin hanya, kuma launin da ido ya fi cin karo da shi a shaguna da ɗakuna shi ne rawaya.

Sai dai rawaya ba ɗaya ba ce. Idan uwargida ta shiga shagon kayan gini ta ce a ba ta, galibi iri biyu za a ajiye mata. Akwai mai haske da ƙyalli, wadda muke kira ruwan ɗorawa. Akwai kuma mai ɗan duhu, mai kama da ƙasa-ƙasa, wadda za mu kira ruwan zuma, masu fenti kuma suka fi sanin ta da sunanta na Faransanci, wato okar. Da yawa daga cikinmu da ido kawai muke zaɓe, alhali bambancin da ke tsakaninsu ya wuce na ido. Ya shafi aljihu, ya shafi daɗewar aikin, ya kuma shafi lafiyar yaran da za su yi rarrafe a gindin bangon.

Daga ina kowace ta fito?

Bahaushe ya san rawaya tun kafin a kawo masa fenti a gwangwani. Sunan ma kansa na tsiro ne, domin rawaya wata ƴar shuka ce ta daji wadda ake daka saiwarta a yi rini da ita, a kuma sa a abinci. Ruwan ɗorawa kuwa daga garin nan ne mai zaƙi da ke lulluɓe da kalwa. Magina na da ma da ɓawon ɗorawa suke haɗa makuba, su shafe katanga domin ta jure ruwan sama. Amma rawayar da ke cikin gwangwani a yau ba ta da haɗi da itace ko saiwa.

Ruwan zuma, wato okar, asalinta ƙasa ce mai ɗauke da tsatsar ƙarfe. Irin sinadarin ne ya ba tuddai da duwatsun da ke kewaye da Dogon Dutsi launinsu na ja-ja da rawaya-rawaya. A da haƙo ta ake yi, a wanke, a niƙe. Yanzu masana'antu na haɗa irinta. Tun da ta riga ta zama tsatsa, babu sauran abin da rana ko iska za su yi mata. Wannan shi ne sirrin ƙarkonta.

Ita kuwa ruwan ɗorawa mai ƙyalli, ta hanya biyu ake samun ta. Hanya ta farko, sinadarai ne da ake sarrafawa daga albarkatun man fetur. Su ne suka fi yawa a ƴan kwalaben kala da ake ɗigawa cikin farin fentin ruwa, wanda aka fi sani da fom. Hanya ta biyu tsohuwa ce kuma mai araha: haɗin dalma da wani ƙarfe mai suna kurom. Wannan haɗin a fentin mai aka fi samun sa, wato wanda ake tsinkawa da fetur ko kananzir, mai sheƙi idan ya bushe. A nan ne babbar magana take, za mu zo kanta.

Yadda suke fitowa a bango

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne, launin da aka gani a murfin bokiti ba shi ne zai fito a ɗaki ba. Bango huɗu ne suke kallon juna, kowane na jefa wa ɗan'uwansa haske, sai launin ya ninka ƙarfinsa. Ruwan ɗorawar da ta yi kyau a murfi, idan ta cika ɗaki mai taga a gabas, da hantsi sai ta riƙa kashe ido. Ruwan zuma kuma idan aka cika mata kala, ɗaki mai ƙaramar taga ɗaya sai ya yi duhu kamar an rufe ƙofa.

Dalilin haka, farin bango yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa, kuma duk lokacin da aka ƙara kala wannan kaso raguwa yake yi. Ta nan ruwan ɗorawa ta fi ƴar'uwarta, domin ta fi mayar da haske. Ɗakin da ba shi da wadatar taga ya fi son ta, ko kuma ruwan zuma da aka sassauta ƙwarai da fari har ta kusa zama ruwan madara.

Sai kuma dare. Fitilun sola da ƙwayayen zamani masu farin haske, ko na gidajen da ke da wutar Nijelek, haskensu na da ɗan shuɗi a ciki. Idan ya sauka kan ruwan ɗorawa sai ta juya ta yi kore-kore, fuskar mai ɗakin ma ta yi kamar wadda ta tashi daga jinya. Ruwan zuma ba ta yin haka. A ƙarƙashin farar fitila takan ƙara laushi ne kawai. Wadda ta fi zama a ɗakinta da dare, kamar yadda yawancin ƴan kasuwa suke, sai ta yi la'akari da wannan.

Wasu kuma na cewa launi mai haske a cikin ɗaki yana rage zafi. Gaskiyar magana, a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce maki 40, ta kwanon rufi da bangon da rana ke duka daga waje yake shigowa. Silin mai kyau, da inuwar bedi, da farin shafe a bayan ɗaki su ne ke rage shi. Launin ciki ido kawai yake sanyaya wa.

Ƙura, hayaƙi da sabon siminti

Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na shigo da ƙura ta kowace kafa, kuma ƙurar ƙasarmu ja-ja ce. A kan ruwan ɗorawa kowane ɗigo yana nunawa, haka shatin hannun yara da na bayan kujera. Ruwan zuma kuwa danginsu ɗaya da ƙurar, don haka takan ɓoye ta. Wannan babbar riba ce ga mai shago a bakin kwalta, ko ɗakin da ke kusa da madafa.

Rana ma tana da nata hukuncin. Rawaya mai ƙyalli ta ƴan kwalabe, musamman masu araha, tana ƙoɗewa a inda rana ke taɓawa kullum, kamar bangon da ke kallon ƙofa. Ranar da aka janye gado ko kabad sai a ga ɗaki ya zama kala biyu. Ruwan zuma ba ta ƙoɗewa irin haka.

Akwai kuma zafin siminti. Sabon yaɓe yana da kaifi irin na kanwa, wanda ke cin launin da ba shi da ƙarfi, ya bar dabbare-dabbare. Ko simintin Malbaza ne ko wanda ya shigo daga Najeriya, hukuncin ɗaya ne: a bar shi aƙalla mako huɗu ya bushe sarai kafin a shafa komai. Okar na jure wannan kaifin, shi ya sa ake iya haɗa ta da siminti ko farar ƙasa kai tsaye. Ruwan ɗorawa ba ta da wannan haƙurin. Masu gaggawar biki da ke sa a yi fenti kwana uku bayan yaɓe, su ne suke sake biyan mai fenti kafin amarya ta yi arba'in.

Ga masu ginin ƙasa kuma, wanda har yanzu shi ne mafi yawa a ƙauyukanmu daga Lugu zuwa Bagaji, shawara ita ce a guji fentin mai. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, yana fitar da ita da rani. Fentin mai na toshe masa hanyar, sai ya kumbura ya riƙa ɓarewa falle-falle. Farar ƙasa da aka ɗiga wa okar ta fi dacewa da shi, ta fi araha, kuma ana iya sabunta ta kowace shekara.

Lissafin aljihu

Ba za mu kawo farashi ba, domin kuɗin bokiti na canjawa daga wannan kasuwa zuwa waccan. Amma akwai lissafin da ba ya canjawa. Mu ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin bango mita 3. Kewayensa mita 14 ke nan, a ninka sau 3, ya ba da murabba'in mita 42. A cire ƙofa da taga, ya rage wajen 40. Idan muka ƙaddara lita ɗaya na shafe murabba'in mita 8, shafi ɗaya zai ci lita 5, shafi biyu lita 10, shafi uku lita 15.

A nan ne bambancin yake. Okar tana rufe bango da kyau, galibi shafi biyu sun wadatar. Rawaya mai ƙyalli marar dalma kuwa tana daga cikin launukan da suka fi rashin rufi. Toka-tokan siminti na leƙowa ta ƙarƙashinta, sai an fara shimfiɗa fari, ko a yi shafi na uku. Shafi na uku na nufin ƙarin rabin kuɗin fenti, ban da na mai aiki. Wanda ya yi niyyar kashe jika 20 sai ya ga ya kai 30. Idan kuma aka haɗa da saurin ƙoɗewa, sai a ga gaskiyar masu cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida.

A kuma sa ido kan ruwan da ake ƙarawa. Wasu masu aiki na tsinka fom fiye da kima don bokiti ɗaya ya yi aikin biyu. Irin wannan bangon shi ne wanda idan aka jingina da shi yake bin riga.

Dalma: kyan ɗan maciji

Yanzu mu dawo kan babbar magana. Bahaushe ya san gubar dalma da sunanta tun abin da ya faru a jihar Zamfara a 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu. Can dai daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje gubar ta fito, ba daga fenti ba. Amma dalmar ita ce dai, kuma ta hanya ɗaya take shiga: ƙura, hannu, baki.

Fenti mai dalma ba ya nuna illarsa ranar da aka shafa shi. Sai ya tsufa, ya fara tsagewa, yana zuba ƙasa kamar gari. Yaro mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki. Wani ma ɓaɓɓako shi yake yi da farce ya tauna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka sani ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro na tsotse abin da ya haɗiya har ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba zai tsotse. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, ta kawo ƙarancin jini. Ga mai juna biyu tana iya jawo ɓari ko haihuwar ɗa marar nauyi. Abin takaicin, sau da yawa ba zazzaɓi, ba kuka. Sai yaro ya shiga makaranta a ga karatu ya ƙi zama, kuma ɓarnar da aka yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Wani rahoto da Asusun UNICEF ya fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin uku a duniya, wajen miliyan 800, na ɗauke da dalma a jini fiye da kima.

Duniya ta daɗe da sanin haka. Tun 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyar taƙaita amfani da farar dalma wajen fentin cikin gine-gine. Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje a 1978. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan, wato giram 90 a cikin tan guda, nauyin buhu 10 masu kilo 100. Kamaru ta kafa wannan doka a 2017. To amma gwaje-gwajen da aka yi wa fentin mai na kasuwannin ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Najeriya, sun sha nuna gwangwanaye masu ɗauke da fiye da kashi 10,000 cikin miliyan, kuma launin da ya fi yawan fitowa a sahun gaba shi ne rawaya mai ƙyalli, sai ruwan lemo, ja da kore.

Ga abin lura a nan. Al'adar masu fenti ce su shafa fom a sama, su shafa fentin mai a ƙasa daga gindin bango zuwa ƙugu, domin a iya wanke shi. Wato wurin da hannun yaro ke kaiwa shi ne aka ba fentin da ya fi haɗari. Haka ƙofofi, tagogi da gadajen ƙarfe.

Wannan ba ya nufin duk ruwan ɗorawa guba ce. Fentin ruwa da wuya a same shi da dalma, kowane launi ne. Akwai kuma kamfanonin da ke yin fentin mai mai ƙyalli ba tare da ita ba. Sannan launin okar shi kansa ba na dalma ba ne, amma idan a fentin mai yake, wasu masana'antu na sa dalma domin ya yi saurin bushewa. Ke nan ido ba zai iya rarrabewa ba. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce: a cikin ɗakin da yara ke kwana, fentin ruwa ya fi aminci, idan dole sai fentin mai, a duba gwangwani a ga an rubuta cewa babu dalma, a Faransanci "sans plomb". Gwangwanin da ba shi da sunan kamfani ko adireshi, ko fentin da ake aunawa a kwalba, a bar shi.

Ga ƴan kasuwa musamman

Mai sayar da atamfa, shadda ko leshi, ta yi hattara da ruwan ɗorawa a cikin shago. Bangon na jefa launinsa kan kaya: farar shadda ta yi kamar ta tsufa, shuɗi ya yi kore. Mai saye ta kai gida ta ga ba abin da ta zaɓa ba ne, gobe ta dawo da rigima. Cikin shagon tufafi fari ko ruwan madara ya fi. Ruwan ɗorawa a bar ta a goshin shago da allon suna, inda aikinta shi ne kiran mai wucewa.

Mai tuwo-tuwo da mai shayi, inda hayaƙi da maiƙo suke, ruwan zuma ta fi rufa musu asiri. Uwar amarya mai shirin jere kuma ta tuna cewa kwanoni, labule da zanin gado su ne adon ɗakin. Bango mai ƙyalli kishiyarsu ne, mai laushi kuwa fito da su yake yi.

Sai roƙonmu na musamman: gwangwani ko bokitin da fentin mai ya zauna a ciki, kada a mayar da shi na kunu, fura, man gyaɗa ko ruwan sha, komai wankin da aka yi masa. Kada kuma a shafa fentin mai a faifan tebur ɗin da ake ɗora ƙosai ko nama a kai.

Kafin a buɗe bokiti

Gani ya kori ji. A sa mai fenti ya shafa kowane launi a fili kamar faɗin tabarmar salla, ɗaya a bangon da ke kallon ƙofa, ɗaya a lungu. A bari ya bushe, domin jiƙaƙƙen launi daban yake da busasshe, musamman farar ƙasa da kan yi haske sosai idan ta sha iska. A duba da safe, da azahar, da kuma dare a ƙarƙashin fitilar da za a riƙa amfani da ita.

Idan an zaɓa, a haɗa fentin ɗakin gaba ɗaya a mazubi guda, a ƙirga kwalaben kala da aka zuba, a rubuta a ajiye. Wanda ya haɗa bokiti-bokiti da ido, bangonsa ba zai zama ɗaya ba. A rage kaɗan a kwalba mai murfi saboda gyaran gaba.

Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba da Nuwamba, bango ya bushe kuma ƙurar hunturu ba ta kankama ba. Idan akwai tsohon fentin mai da za a kankare, a fitar da yara da masu ciki, a kwashe kwanoni da abinci, a jiƙa bangon kafin a taɓa shi, kada a goge shi a bushe ko a ƙona shi da wuta. A kwashe ɓarɓashin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, a kai inda yara da dabbobi ba sa zuwa. Mai aikin ma ya wanke hannu ya canja riga kafin ya ɗauki ɗansa. Wanda kuma yake zargin yaronsa ya daɗe yana cin ɓawon fenti, ya kai shi asibiti ya faɗa wa likita.

Wace za a ɗauka?

A namu ganin, ga ɗakin kwana da falon iyali a ƙasa irin tamu mai ƙura da rana, ruwan zuma da aka sassauta da fari, a fentin ruwa, ita ce ta fi. Ta fi rufi, ta fi jure siminti da rana, ta fi ɓoye ƙura, kuma ba ta buƙatar dalma kafin ta yi launi. Ruwan ɗorawa tana da wurinta: ɗaki mai duhu, zanen gefe, ko goshin shago, muddin ta ruwa ce ko an tabbatar babu dalma a cikinta.

Hajiya, idan kin je shago kada ki ji nauyin tambaya. Ki ce, "Alhaji, wannan na ruwa ne ko na mai? An rubuta babu dalma?" Kuɗinki ne, ƴaƴanki ne. Su kuma alhazanmu masu shagunan kayan gini a Dutsi, Ɗan Kassari, Tibiri da Matankari, su yi wa dillalansu irin wannan tambaya kafin su sauke kaya, domin abin da masu saye suka dage a kai shi kamfani ke kawowa. Rigakafi dai ya fi magani.